Kafaɗa Ta Ƙi Ɗaguwa: Laifin Sanyin Kwatano Ne?

 

Saƙonni uku ne suka shigo mini cikin watan nan a kan magana guda. Na farko daga wani bawan Allah mai sayar da gwanjo a Misebo, ya ce ya kai wata biyu ba ya iya rataye kaya a igiyar sama, sai yaronsa ya zo. Na biyu direban babbar mota ne, ya ce in ya kwanta ta ɓangaren dama barci ya ƙare ke nan. Na uku wata yarinya ce ta rubuto a madadin mahaifiyarta, wai yanzu ita take ɗaura mata ɗankwali, ita take zuge mata zip ɗin riga. Ba su san juna ba, amma duk ukun da kalma ɗaya suka rufe saƙonsu: sanyi. Sanyin teku ne ya shige su.

Kun san dai a garin nan babu abin da ba mu ɗora wa sanyi ba. Gwiwa ta yi ƙara, sanyi. Ƙugu ya riƙe, sanyi. Mutum ya taso a Maraɗi ko Sakkwato inda iska take a bushe, ya zo garin da bango ma gumi yake yi, ga iskar teku ta watan Agusta, ga fanka a kansa har asuba, to me zai ce? Kuma ban ce ƙarya suke yi ba, da yawa sukan fi jin ciwon gaɓa in gari ya yi sanyi. Inda nake rigima da kalmar nan shi ne abin da take sa mutane su yi. Wanda ya yarda sanyi ne ya kama shi, sai ya lulluɓe kafaɗar, ya shafa man zafi, ya manne hannun a jikinsa, ya zauna jiran rana ta fito. Ita kuwa kafaɗa, gaɓa ce mai saurin yin fushi in aka daina motsa ta. Makonni kaɗan na zaman banza sun isa ta fara ƙagewa.

Bari in ɗan bayyana yadda Allah ya gina wurin, don sai an san ƙofa ake sanin inda ta cije. Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi, kan ƙashin ya nutse cikin rami mai zurfi. Ta kafaɗa kuwa kamar an ɗora lemo ne a kan murfin kwalba, gurbin ɗan ƙarami ne, ba shi da zurfi. Shi ya sa hannu yake iya zagayawa ko'ina, sama da ƙasa, gaba da baya, abin da ƙafa ba ta iyawa. Abin da ke riƙe da lemon nan kada ya gangaro shi ne wasu tsokoki guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin damtse, sai kuma wata jaka mai laushi da ta lulluɓe gaɓar gaba ɗaya. Shi kansa allon kafaɗa yawo yake a kan haƙarƙari. In kika ɗaga hannu daga cinya har ya taɓa kunne, kusan kashi biyu cikin uku na tafiyar gaɓar ce ta yi, ragowar kashi ɗayan allon ne ya juya ya cika. Don haka mutumin da ya saba zama a duƙe, allonsa ya zube gaba, ya riga ya rage wani abu daga kashi ɗayan nan tun bai ɗaga komai ba.

To ku dubi wuninmu. Mai shago yana kan benci tun safe, kai a sunkuye, ko lissafi ko waya, hannu biyu a gaba. Sai mai saye ya zo ya nuna bandir ɗin shadda na can saman kanta, a miƙe zumbur a fizgo shi da hannu ɗaya. Ɗan dako a Dantokpa yana cicciɓar buhu daga ƙasa zuwa ka sau nawa a rana, Allah kaɗai ya sani. Direban da ya tashi daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa Malanbil, sama da kilomita 700, hannunsa na kan sitiyari a wuri ɗaya. Mu mata ga wanki, ga tuƙin tuwo, ga ɗaukar bokiti, ga sungumar yaro da hannu ɗaya ɗayan na kan tukunya. Aiki ne mai yawa, amma duk ta hanya ɗaya yake bi: gaba da ƙasa. Mutum sai ya yi shekara bai kai hannunsa ƙarshen inda yake iya zuwa ba, kuma yana cewa ai shi kullum cikin motsa jiki yake.

Ciwon kafaɗa iri-iri ne, amma biyu ne suka fi zuwa mana, kuma a gida ma ana iya samun haske a kan wanne ne. Ki zauna ki saki hannun, wani ya ɗaga miki shi a hankali. In ke da kanki kin kasa ɗagawa saboda zafi, musamman a tsakiyar hanya daidai tsayin kafaɗa, amma da aka ɗaga miki ya tafi har sama, to galibi jijiyoyin tsokokin nan huɗu ne suka gaji ko suka kumbura. In kuwa mai ɗagawar ma ya ji hannun ya tsaya cik kamar ƙofar da aka sa wa sakata, to jakar nan ce ta yi kauri ta tsuke. Ga wani gwajin: ki manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ki lanƙwasa hannun kamar mai riƙe da tire, sannan ki buɗe shi waje kamar ƙyaure. Ki gwada da ɗayan hannun. In mai ciwon ko rabin ɗan uwansa bai kai ba, wannan ita ce daskarewar kafaɗa. A takardar asibiti a nan za ku ga an rubuta capsulite da Faransanci.

Tsohon ciwo ne a wurin likitoci. Wani likitan Faransa, Simon Duplay, ya bayyana shi tun 1872, sannan wani likitan fiɗa na birnin Boston a Amurka, Ernest Codman, ya raɗa masa sunan daskararriyar kafaɗa a littafin da ya fitar a 1934. Ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, kuma ya fi kama mata. Hawa uku yake yi. Da farko zafi, mai tsanani da dare, daga mako shida har zuwa wata tara, motsi yana raguwa a hankali. Sai zafin ya lafa amma hannu ya ƙage, wata huɗu zuwa shida. Sannan ya fara saki, wanda shi ma kan ɗauki wata shida har shekara biyu. Ku haɗa lissafin da kanku. Ga mai albashi wannan wahala ce, ga wanda sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa kuwa, karayar jari ce.

Akwai kuma abin da ya sa na ce sai na yi rubutun nan ko da saƙo ɗaya ne ya zo. Ciwon nan abokin tafiyar ciwon suga ne. A cikin jama'a gaba ɗaya mutum biyu zuwa biyar cikin 100 yake kamawa, amma a cikin masu suga ana lissafa 10 zuwa 20 cikin 100, kuma nasu ya fi taurin kai. Masu matsalar maƙoƙo ma yana yawan samunsu. Wani lokaci kafaɗar ce take fara kai ƙara tun mutum bai san yana da sugan ba.

Haka aka yi da gwaggona, mai sayar da atamfa da leshi. Da hannunta na hagu ya fara ciwo sai ta rataye shi da mayafi a wuya, kusan wata uku. An yi mata ƙaho sau biyu, an shafa man kaɗanya har fatar wurin tana sheƙi. Ranar da na je na tarar jikarta ce ke taje mata kai, na ce, "Gwaggo, gobe in Allah ya kai mu asibiti za mu." Ta ce, "Ke 'yar nan, sanyi ne fa, in zafi ya shigo zai sake ni." Na ce, "To mu je su faɗa mana da bakinsu, ni zan yi miki tafinta." Likitan ya juya hannun nan da can, bai ce komai a kan sanyi ba, sai ya tambaya ko tana yawan tashi fitsari da dare, ko tana yawan jin ƙishirwa. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Tambaye shi me ya haɗa kafaɗa da fitsari." Washegari aka ɗebi jini kafin ta karya, sugan ya fito a sama, aka maimaita ya sake fitowa. Daga nan aka haɗa mu da mai gashin ƙashi, wanda a nan ake ce wa kine, kuma a bakinsa na koyi yawancin abin da zan faɗa muku yanzu, don kowace kalma sai da ta bi ta bakina kafin ta isa kunnen Gwaggo.

Gwajin ba wuya gare shi ba. A je da safe ba a ci komai ba na aƙalla awa takwas. A nan Benin da giram a lita suke rubutawa: in ya kai 1.26 ko ya wuce, a gwaji biyu daban-daban, suga ne. A Najeriya za ku ga 126, ko 7.0, duk abu ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta. Duk wanda ya haura arba'in kafaɗarsa ta ƙage ba faɗuwa ba buguwa, ya yi gwajin nan.

Kafin mu shiga motsin, akwai waɗanda ba da su nake ba, kuma ina roƙo a karanta wa wanda bai iya karatu ba wannan wurin. Wanda ya faɗo daga zem, ko kaya suka faɗo masa, hannu ya ƙi ɗaguwa ko kafaɗar ta canza kama, hoton ƙashi zai fara yi, wanda a nan ake ce wa radiyo. Hular kwano kai take karewa, kafaɗa ita ke fara dukan kwalta. Wanda ciwon ya zo masa farat ɗaya a hagu tare da nauyin ƙirji, gumi, ƙarancin numfashi, ko yana hawa har muƙamuƙi, wannan zuciya ce, asibiti a take, ko tsakar dare ne. Haka wanda hannunsa ya mutu lokaci guda, baki ya karkace ko magana ta sarƙe. Kafaɗar da ta kumbura ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, ita ma ba ta jira. Sai 'yan uwanmu masu sikila: ciwon kafaɗa mai daɗewa a wurinsu yana iya zama jini ne ya daina isa kan ƙashin, likita ne zai duba kafin a ce a miƙe ko a tanƙwara. Wanda kuma ciwonsa daga wuya yake saukowa har yatsu da jin kamar ana tsira allura, matsalarsa a wuya take.

Sauran jama'a, bismillah. A fara da ɗumama wurin: tawul a ruwan ɗumi, a matse, a ɗora minti goma, ko a yi motsin bayan wanka da ruwan ɗumi. Ɗumi na ce, ba ruwan gashin mai jego ba.

Na farko shi ne lilo, kuma da sunan Codman ɗin nan likitoci suke kiransa har yau. Ki tsaya gefen tebur ko kanta, ki dafa da lafiyayyen hannu, ki sunkuya kaɗan daga ƙugu, ki saki mai ciwon ya yi reto kamar guga a bakin rijiya. Sirrin yana nan: ba hannun ne zai yi aiki ba. Jikinki za ki riƙa kaɗawa gaba da baya, hannun ya bi da kansa. Sau goma gaba da baya, sau goma hagu da dama, sannan zagaye mai faɗin faifai, goma ta nan goma ta can. Yawancin mutane sukan ƙanƙame kafaɗar su riƙa tuƙa hannun da ƙarfi kamar masu dama kunu, wannan ɓata lokaci ne. In kin yi daidai za ki ji nauyin hannun yana ɗan jan gaɓar ƙasa, wani sauƙi yana shiga. Ko a lokacin da zafi ya fi tsanani yawanci ana iya yin wannan, kuma shi ne na mutumin da ciwo ya tashe shi da dare. Bayan mako biyu, in babu ƙarin zafi, a riƙe ƙaramar gorar ruwa ta rabin lita, a ɗan faɗaɗa zagayen.

Na biyu, hawan bango. Ka fuskanci bango, tazarar da yatsunka za su taɓa shi gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Ka fara daga daidai ƙugu, yatsu su riƙa tafiya sama kamar gizo-gizo, kana matsowa kusa da bangon yayin da hannun ke hawa. Inda ka ji ya ja, ka tsaya, ka ƙirga goma sha biyar kana numfashi, sannan ka sauko da yatsun yadda suka hau, kada ka saki hannun ya faɗo. Sau goma. Jiki ɓarawo ne a wannan motsin, zai nemi ya cuce ka: kafaɗa za ta ɗago ta nufi kunne, baya zai gantsare, wani har ɗage yake yi a kan yatsun ƙafa don ya ga ya kai sama. Duk wannan ba ci gaba ba ne. A sa yaro ya tsaya a baya yana kallo, yara ba sa jin nauyin faɗa wa babba ya yi maguɗi. Kuma a ɗauki alli ko gawayi a yi ɗan zane inda yatsa ya tsaya ranar farko. Duk Juma'a a sake zanawa. Ciwon nan tafiyar hawainiya yake, mutum ba ya ganin saukinsa a jiki, amma bango ba ya ƙarya. Gwaggo ta ce masu gidan haya za su cire mata kuɗin fenti, sai muka manna takarda. In an saba, a juya a ba bangon gefe, a hau ta haka.

Na uku yana son sanda. Muciya ta isa, ko lema, ko sandar mofa, ko kwagirin Baba in ya yarda. A kwanta rigingine a kan tabarma, gwiwoyi a tanƙwashe, a riƙe sandar da hannu biyu daidai faɗin kafaɗu. Lafiyayyen hannu shi ne direba, mai ciwon fasinja ne: a ɗaga sandar sama, a wuce da ita ta saman kai gwargwadon iko, a tsaya, a dawo a hankali. Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to a nan ɗaya ne zai ɗauki ɗan uwansa. Amfanin kwanciyar shi ne ƙasa ta tokare allon kafaɗa da baya, babu hanyar maguɗi.

Ana nan kwance, ko a zaune, sai a yi buɗe ƙyaure, wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci kuma shi aka fi tsallakewa don ba shi da ban sha'awa. A naɗe ɗankwali ko hula a matse a hammata. Gwiwar hannu a manne da jiki, hannu a lanƙwashe kamar mai riƙe da tire, sanda a tsakanin tafuka biyu. Lafiyayyen hannu ya tura sandar gefe, mai ciwon ya buɗe waje. In abin da ke hammata ya faɗi, gwiwar ta gudu ke nan, a sake. A riƙe daƙiƙa 15 zuwa 30, sau biyar. Wannan juyin ne ake fara rasawa a daskarewar kafaɗa, da shi ake kai hannu ƙeya, da shi ake ɗaura ɗankwali da naɗa rawani, da shi ake zura hannun riga. Tafiyar ba za ta wuce faɗin yatsa biyu ba a farko. Kada a raina.

Kai hannu baya kuwa, irin na ɗaura zani ko zaro walat daga aljihu, a bar shi sai zafin dare ya lafa. In lokacin ya yi, a ɗauki mayafi ko dogon soson wankan nan na raga, lafiyayyen hannu ya riƙe shi ta saman kafaɗa, mai ciwon ya kama ƙarshensa ta ƙasa a bayan ƙugu, na sama ya ja a hankali kamar mai cuɗa baya. Shi ya fi kowanne zafi, kuma shi ne na ƙarshen dawowa.

Ga waɗanda kafaɗarsu lafiya lau take sai dai gajiya da tsami, masu shago da direbobi da teloli, naku gajere ne kuma a tsaye. Ka haɗe alluna biyu a baya kamar za ka matse kwabo a tsakaninsu, ka ƙirga biyar, ka saki, sau goma. Ka jawo hannu ɗaya ya gitta ƙirji, ɗayan ya danna shi ta saman gwiwa. Ka tsaya a bakin ƙofar shago, ka dafa dogaran ƙofar biyu, ka ɗan tura ƙirji gaba har ka ji ya buɗe. Ka juya kafaɗu baya sau goma. Minti uku ke nan. Direba ya yi duk inda ya tsaya shan mai ko sallah. Na san maƙwabcin shago zai leƙo ya ce, "Alhaji, ƙwallo za a fara ne?" Ka ce masa e. Waɗanda suke cika filin wasa na Kuhunu da bakin teku a Fijirose da safiyar Asabar ba su fi ka buƙata ba.

In motsi ya fara dawowa sai a ƙara ƙarfi, don tsokar da ta yi watanni tana hutu ta rame. A yanko tsohon tib na babur, a ɗaure a mariƙin ƙofa, a yi buɗe ƙyauren nan ana jan robar, sau goma zuwa goma sha biyar, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta. Kada a koma cicciɓar dila ranar da aka ga hannu ya taɓa kunne.

Sau nawa a rana? Biyu ko uku, minti goma-goma, ya fi awa guda ranar Lahadi. Abin da ya yi wa Gwaggo aiki shi ne jingina shi da abin da ba ya wucewa: bayan asuba kafin a fita, bayan la'asar, sai kafin kwanciya. Maganar zafi kuma, ga ma'auni. Jin ja, ko ɗan tsami da zai lafa cikin awa ɗaya ko biyu, ba laifi. Zafi mai suka kamar wuƙa, ko wanda zai hana barci ya kwana har gobe, an wuce gona da iri, a rage. Musamman a watannin farko da gaɓar take a kumbure, fin ƙarfi ƙara hura wutar yake. A nan nake jan kunnen matasan gida masu cewa, "Kawo hannun, Baba, in ja maka shi sau ɗaya ya saki." Ba ya saki. Ƙashin dattijo, balle na tsohuwa, yana iya karyewa a hannunka.

Maɗora suna da aikinsu da mutane suka san su da shi, amma daskararriyar kafaɗa ba targaɗe ba ce, ba gocewa ba ce, babu abin da za a mayar gurbinsa, kuma ɗaure ta da kara da tsumma ƙara mata sakata ne. Tausa da man kaɗanya tana sassauta tsokar da ke kewaye, a yi, sannan a biyo da motsin tun wurin yana da ɗumi. Ƙaho da tsaga kuwa, mai suga ya yi nesa da su, don rauninsa ba ya saurin warkewa. Sai ƙwayoyi. Tun da hukuma ta kai samame kasuwar magani ta Ajegunle da ke Dantokpa a 2017 tallar ta ragu a fili, amma har yau akwai mai kawo maka haɗin ƙwaya huɗu a ƙullin leda, ja da fari da rawaya, ya ce na sanyin ƙashi ne. Ba ka san me ke ciki ba. Irin su diklofenak da ibuprofen, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki su taɓa ƙoda, kuma suna tayar da hawan jini. Wasu haɗin akwai deksametazon, mai sa a ji garau kwana biyu yana tura suga sama. Na tiramadol kuwa kun san inda yake kai yaranmu. A je farmasi, a faɗi duk ciwon da ake da shi, a sha na kwanakin da aka ce.

Shagon ma a duba shi. Kayan da aka fi tambaya su sauko tsakanin ƙugu da ƙirji, na sama a sa ɗan benci a taka. Kaya mai nauyi a rungume shi kusa da jiki. Ruwa a raba bokiti biyu madaidaita maimakon babba ɗaya. A daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ana auna yadi. Da dare a kwanta ta lafiyayyen ɓangare a rungumi matashi, ko rigingine da ɗan matashi a ƙarƙashin damtsen.

In an yi mako shida ana yi kullum zanen bango bai motsa ba, ko zafin dare ya hana barci sam, a nemi likita. Babban asibitin koyarwa na CNHU Hubert Maga yana da sashen gashin ƙashi, kuma da yake a nan Kwatano ake horar da masu wannan aiki, a tsangayar kiwon lafiya ta jami'ar Abomey-Calavi, ana samunsu a ƙananan asibitoci da dama cikin gari. Akwai allurar da likita kan yi a cikin gaɓar kanta, tana rage zafi sosai a watannin farko har a samu damar motsi, sai dai mai suga ya faɗa tun kafin a yi, don takan ɗaga sugan na 'yan kwanaki. Wanda Faransancinsa na ciniki ne kawai ya tafi da ɗa ko 'ya. A tambayi kuɗin kowane zama da adadin zaman tun ranar farko, mu 'yan kasuwa ne, ba abin kunya ba ne. In aljihu ba zai ɗauki duka ba, a faɗa wa kine ɗin gaskiya, a roƙe shi ya koyar da na gida, yaron ya ɗauka a waya da izininsa, a riƙa komawa ana gwada ci gaba. Mata masu son mace ta duba su, su tambaya tun a wurin yankar kati. Kuma wanda ɗaya ta warke masa ya riƙa gwada ɗayar lokaci-lokaci, don a wasu mutanen takan tsallaka can bayan 'yan shekaru.

Yarinyar da ta rubuto saboda mahaifiyarta, ki fara da gwajin jinin nan cikin makon nan, ki kuma rubuto mini abin da ya nuna. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu sauka gwiwa, don masu hawa benen kasuwa da kaya sun daɗe suna yi mini ƙorafi.